Ma'aunai masu wayo a bangon gini: iska mai kyau da ragin kuɗin wuta, ko dai ɗaya daga ciki?

Shin gini guda zai iya wadata mutanen cikinsa da iska mai tsabta, kuma ya ci wuta kaɗan? Wannan tambaya ta ƙara ƙarfi tun daga annobar korona, lokacin da masana lafiya suka ce a buɗe tagogi a ƙara shigo da iskar waje, masu biyan kuɗin wuta kuma suka ga lissafinsu yana ta hawa. A tsakanin ɓangarorin biyu ne wasu 'yan ƙananan na'urori suka samu kasuwa. Ana manna su a bango ko a silin, suna auna iska dare da rana, suna aika abin da suka gani zuwa kwamfuta ko waya. Masu sayar da su na cewa sun raba gardama: ga lafiya, ga sauƙin kuɗi.

Maganar ba ƙarama ba ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa mutanen ƙasar na yin kusan kashi 90 cikin 100 na lokacinsu a cikin gini, kuma wasu nau'o'in gurɓata sukan ninka na waje sau 2 zuwa 5 a cikin ɗaki. A ɗaya gefen, Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, ta ce gudanar da gine-gine na cinye kimanin kashi 30 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi. Duk abin da ya taɓa iskar ɗaki, to ya taɓa huhu, ya kuma taɓa aljihu. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka na'urar ce da kanta ke gyara iskar ko rage wutar, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mene ne ma'auni mai wayo?

Auna yanayin ɗaki tsohon abu ne. A 1883 wani malamin makaranta a Amurka, Warren Johnson, ya yi rajistar na'urar lantarki da ke buga ƙararrawa idan aji ya yi zafi ko ya yi sanyi, domin mai kula da dumama ginin ya san inda zai ƙara da inda zai rage. Na yanzu sun bambanta da wancan ne ta fuskar ƙanƙanta da araha, da kuma cewa suna magana da juna ta intanet ko ta wayoyin cikin gini. Ɗaya na auna zafi da danshi, wani na auna iskar kabon-dayoksaid da muke fitarwa a numfashi, wani ƙura da hayaƙi, wani kuma motsin mutane kawai yake lura da shi.

Aikin hawa uku ne. Ma'auni ya auna, manhaja ta yanke hukunci, sannan wani abu ya motsa: fanka ta ƙara gudu, murfin bututun iska ya buɗe, na'urar sanyaya ɗaki ta sassauta, ko kuma mutum ya tashi ya buɗe taga. In babu hawa na uku, abin da aka saya lamba ce a kan allo. Ma'aunin zafin jiki na asibiti ba ya sauke zazzaɓi, kuma haka lamarin yake a nan.

Asalin ja-in-ja tsakanin iska da wuta

Iskar waje ba kyauta take shigowa ba. A ƙasa mai sanyi sai an dumama ta, a ƙasa mai zafi sai an sanyaya ta, sau da yawa kuma sai an cire mata danshi, wanda shi ma wuta yake ci. Kowace lita da ta shigo tana tura lita guda waje, wadda an riga an kashe kuɗi wajen gyara ta. Shi ya sa mai son rage kuɗin wuta hannunsa ke fara kaiwa ga murfin iskar waje.

An taɓa gwada wannan a babban mataki. Bayan takunkumin man fetur na 1973, farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabo, sai aka shiga toshe duk wata kafa a gine-gine, aka kuma rage iskar da ake shigowa da ita. Ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyin dumama da sanyaya gine-gine ta Amurka, ASHRAE, ta fitar a 1981 ta amince da lita 2.5 kacal a kowane sakan ga mutum guda a wuraren da ba a shan taba. Ba a jima ba ma'aikatan ofisoshi suka fara kukan ciwon kai, ƙaiƙayin ido, bushewar maƙogwaro da kasala, waɗanda ke lafawa da zarar an fita daga ginin. Wani rahoton kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1984 ya nuna cewa irin wannan ƙorafi na iya shafar har kashi 30 cikin 100 na sababbin gine-gine da waɗanda aka yi wa kwaskwarima. An gudu ba a tsira ba: abin da aka rage a kuɗin wuta ya fita ta wajen jinya da fashin aiki. A 1989 ƙungiyar ta ninka mafi ƙarancin adadin sau uku, zuwa lita 7.5.

Korona ta sake karkata akalar zuwa ɓangaren iska. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar lita 10 a kowane sakan ga kowane mutum a wuraren da ba na jinya ba. A 2023 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a yi ƙoƙarin sauya iskar ɗaki sau 5 a awa guda. Duk wannan na zuwa ne a daidai lokacin da buƙatar sanyi ke ƙaruwa a duniya. IEA ta yi hasashe a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki za su tashi daga kimanin biliyan 1.6 zuwa biliyan 5.6 nan da 2050.

Dabarar ma'aunai ita ce a daina zaɓar adadi guda a bar shi haka nan ba dare ba rana. A ba ɗaki iska mai yawa idan ya cika, a rage idan ya watse.

Me ya sa kowa ya kama kabon-dayoksaid?

Domin ita ce sawun da mutum ke bari a iska. A waje tana kusan 420 a ma'aunin da ake taƙaitawa ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan. A numfashin da muke fitarwa kuwa tana kusan 40,000. Saboda haka idan lambar ɗaki ta hau, ma'anarta numfashin mutane na taruwa fiye da yadda iskar waje ke wanke shi. Wani masanin tsabtar muhalli Bajamushe, Max von Pettenkofer, ya gano haka tun 1858, kuma shi ya kafa 1,000 a matsayin iyakar da iskar ɗaki ke fara lalacewa. Har yau wannan lamba tasa ce ke yawo a takardun talla.

Lissafin ba shi da wuya. Idan ma'auni ya nuna 800, kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da kake shaƙa ta riga ta ratsa huhun wani da ke ɗakin. A 1,200 ta zama kashi 2, a 2,400 kashi 5. Ɗakin da manya ke zaune a cikinsa, ana ba kowa lita 10 a sakan, yakan tsaya a wajajen 900. Wanda ake ba kowa lita 2.5 kuwa yakan doshi 2,400 idan an daɗe a ciki. Wannan ne ya ja hankalin hukumomi a lokacin annoba, tunda ƙwayar cutar da ke bin numfashi tana taruwa ne a inda numfashin ke taruwa.

Ingantaccen ma'auni yana gane wannan iska ne da haske. A cikinsa akwai ɗan ƙwan fitila mai ba da hasken da ido ba ya gani, akwai kuma ido na lantarki a ɗaya ƙarshen. Kabon-dayoksaid na shanye wani zango na wannan haske, saboda haka gwargwadon yawanta, gwargwadon raguwar hasken da ke isa ga idon. A jikin kwali ana rubuta wannan fasaha da haruffan NDIR.

Shin ita kanta iskar guba ce a wannan mataki? A nan masana sun rabu. Dokar wuraren aiki ta Amurka ta sa iyaka a 5,000 na tsawon awa 8, wanda ya yi nisa da abin da ake gani a yawancin ofisoshi. Amma wani gwaji da aka buga a 2012, wanda aka yi a cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da mutum 22, ya nuna cewa iya yanke shawara ya ɗan ragu a 1,000, ya kuma ragu sosai a 2,500. Wani na jami'ar Harvard a 2015, da ma'aikata 24, ya samu makamancin haka. Sai ga gwajin da aka yi wa sojojin jiragen ƙarƙashin teku na Amurka, har zuwa 15,000, bai ga wani bambanci ba. A ganina wannan saɓani bai kamata ya hana kowa barci ba. Ko ita ce ke dusashe ƙwaƙwalwa ko abokan tafiyarta ne, ɗakin da ya kai 2,000 ɗaki ne da iskarsa ba ta sauyawa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin gyara.

Abin da wannan lamba ba ta gani

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar ƙaramar lambar kabon-dayoksaid a matsayin shaidar iska mai tsabta. Ɗakin da babu kowa a cikinsa zai nuna 450 ko da an gama shafa masa fenti yanzu, ko da hayaƙin da ya shigo daga waje ya turnuƙe shi.

Mafi haɗari a cikin abubuwan da ba ta gani su ne ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ƙura da ake kira PM2.5, waɗanda faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, wato silin gashin mutum ya ninka su kauri kusan sau 30. Suna wucewa can cikin huhu, kuma an danganta su da ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da sankarar huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage mizaninta na shekara daga maikirogiram 10 zuwa 5 a kowace kyubik mita ta iska, na yini guda kuma daga 25 zuwa 15. Waɗannan suna da nasu ma'aunin daban, mai haska iskar da hasken lesa ya ƙirga walƙiyar da ɓurɓushin ke yi.

Akwai kuma tururin sinadarai da ke fita daga fenti, gam, sabon katako da aka matse, kafet da kayan goge-goge. Ɗaya daga cikinsu, fomaldihaid, hukumar binciken sankara ta duniya ta sa shi cikin masu haddasa sankara tun 2004. Akwai iskar radon da ke ɓulɓulowa daga ƙasa ta shiga ta tsagogin daɓe, wadda ita ce ta biyu bayan taba wajen haddasa sankarar huhu. Sannan ga kabon-monoksaid, da ke fita daga wutar da ba ta ci da kyau ba, ba ta da wari ko launi, kuma tana kisa cikin ɗan lokaci. Na'urar da ke auna kabon-dayoksaid ba za ta yi ko tari ba idan wannan ta cika ɗaki.

Wani lokaci ma umarnin ma'aunai biyu yakan ci karo. A watan Yunin 2023 hayaƙin gobarar dazuzzukan Kanada ya lulluɓe birnin New York har sama ta koma ruwan goro. A irin wannan rana, ginin da ke biyayya ga kabon-dayoksaid kaɗai zai buɗe bututunsa ya zuƙo hayaƙi da zarar mutane sun taru. Wanda ke da ma'aunin ƙura a waje da ciki shi ne zai gane cewa yau ranar rage iskar waje ce, a kuma dogara ga filta mai tace iska. Haka abin yake ga ginin da ke bakin babban titi a lokacin cunkoso, ko a yankin da guguwar ƙura ke tasowa.

Daga ina ragin wutar yake fitowa?

Wuri na farko shi ne ɗakunan da aka tanada wa mutane da yawa amma ba kullum suke cika ba: zauren taro, ajin jami'a, gidan kallo, ɗakin cin abinci na ma'aikata. Injiniya yakan tsara iskar zaure mai kujeru 200 kamar kullum mutum 200 ne a ciki. Idan 20 ne suka zo, kashi tara cikin goma na iskar da aka tanada wa mutane an dumama ta ko an sanyaya ta a banza. A nan kwalliya ke biyan kuɗin sabulu da wuri. A ofishin da kullum mutanensa ba sa ƙaruwa ba sa raguwa kuwa, ribar kaɗan ce.

Na biyu yana cikin ɗabi'ar fanka. Wutar da fanka ke ci ba ta bin gudunta ƙafa da ƙafa. A lissafi, idan an rage gudun zuwa kashi 80 cikin 100, wutar na faɗuwa zuwa kusan rabi, idan an rage shi zuwa rabi kuma wutar na komawa kashi ɗaya cikin takwas. A aikace ba a cika samun hakan cif ba, amma ko kusa da shi aka samu riba ce babba. Sharaɗin shi ne motar fankar ta zama mai karɓar ragi da ƙari. Tsohuwar fanka mai kunnawa da kashewa kawai ba ta san wannan zance ba, ko ma'aunai nawa aka jera mata.

Na uku, wanda ba a cika tallata shi ba, shi ne tona asirin ɓarna. Manyan gine-gine cike suke da kurakuran da babu mai gani: murfin bututu ya maƙale a buɗe, na'urar dumama da ta sanyaya suna aiki tare a ɗaki guda suna kashe wa juna ƙoƙari, fanka na juyawa duk ƙarshen mako a hawan da babu kowa. Irin wannan yakan ɗauki shekaru ba a lura ba, tunda takardar kuɗin wuta jimla take kawowa.

To nawa ake ragewa? Wani nazari na 2017 daga cibiyar bincike ta Pacific Northwest a Amurka ya lissafa cewa da za a kyautata sarrafa na'urorin gine-ginen kasuwanci na ƙasar baki ɗaya, za a iya rage kimanin kashi 29 cikin 100 na makamashinsu. Wannan lissafin kwamfuta ne. Da cibiyar Lawrence Berkeley ta bi diddigin hukumomi da kamfanonin da suka sa manhajar gano kurakurai a ainihin gine-ginensu, matsakaicin abin da aka samu kusan kashi 9 ne. Nazarin biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba, amma tazarar da ke tsakaninsu ta isa ta sa mutum ya yi hattara da alƙawarin ɗan talla. A gidajen zama ma haka ne: kamfanin Nest ya ce na'urarsa mai daidaita zafi da sanyin gida na rage kashi 10 zuwa 12 na dumama da kashi 15 na sanyaya, shirin Energy Star na gwamnatin Amurka kuma ya tsaya a kusan kashi 8 ga irin waɗannan na'urori.

Akwai gaskiyar da ya kamata a faɗa a fili. Daidaita iska da yawan mutane dabara ce ta rage iska, ba ta ƙara ta ba. Shi ya sa a lokacin korona ASHRAE ta shawarci masu gine-gine su kashe wannan tsari, su bar iska ta yi ta shiga. Kuma a ginin da dama can iskarsa ba ta isa, ma'auni na gaskiya zai sa kuɗin wuta ya ƙaru, domin zai ce a ƙara. Abin da ke sassauta wannan shi ne na'urar musayar zafi, inda iska mai fita ke bi ta gefen mai shigowa ba tare da sun gauraya ba, ta ba ta ɗuminta ko sanyinta. Masu kyau sukan ceto fiye da kashi 70 cikin 100 na wannan ɗumi ko sanyi. Wannan ƙarfe ne da bututu, ba wayo ba, amma sau da yawa shi ke yin babban aikin.

Inda ma'auni ke yin ƙarya

Ma'auni yakan zame a hankali daga gaskiya. Domin maganin haka, yawancin na kabon-dayoksaid suna gyara kansu da wani zato: lamba mafi ƙanƙanta da suka gani cikin 'yan kwanaki, ita suke ɗauka a matsayin iskar waje, kusan 400. A makaranta ko ofishin da ke zama fayau da dare, zaton daidai ne. A ɗakin jinya na asibiti ko wurin da ake aiki dare da rana, iskar ba ta taɓa sauka can, sai na'urar ta ɗauki 700 a matsayin 400, ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya. Ginin kuma ya bi ta ya rage iska, a wurin da aka fi buƙatarta. Wani bincike da aka yi kan ma'aunai fiye da 200 a gine-ginen kasuwanci na Kalifoniya, wanda aka fitar a 2010, ya tarar da yawansu sun kauce fiye da abin da dokar jihar ta yarda.

A kasuwa kuma akwai masu araha da ke rubuta eCO2. Waɗannan ba sa auna kabon-dayoksaid sam. Tururin sinadarai suke shinshina, su yi kirdado. Fesa turare ko shafa man tsabtace hannu kusa da su yakan sa lambar ta yi tsalle. Ma'aunin ƙura shi ma yakan ƙara gishiri idan danshi ya yi yawa, saboda ɓurɓushin na shan ruwa su kumbura.

Wurin da aka manna shi ma magana ce. Kusa da ƙofa ko bakin bututun da ke huro iska, kullum zai ce lafiya lau. Dab da fuskar mai zama, kullum zai yi ta kuka.

Masu goyon baya da masu ɗari-ɗari

Gwamnatoci da dama sun karkata ga aunawa. Daga kakar 2021 Ingila ta raba wa makarantu ma'aunai fiye da 300,000, da bayanin cewa ƙasa da 800 alama ce ta wadatar iska, dawwama sama da 1,500 kuma na neman gyara. Beljiyam ta yi doka a 2022 kan iskar wuraren da jama'a ke shiga, da mizani biyu na kabon-dayoksaid, 900 da 1,200. Faransa ta wajabta auna kabon-dayoksaid a makarantu da wuraren renon yara daga 2023. Dokar Tarayyar Turai kan makamashin gine-gine, wadda aka sabunta a 2024, ta buƙaci manyan gine-ginen da ba na zama ba, masu na'urorin dumama ko sanyaya da suka haura kilowat 290, su sa tsarin sarrafa kai, kuma za a sauko da iyakar zuwa kilowat 70 kafin ƙarshen 2029. Hujjar wannan ɓangare mai ƙarfi ce: ruwan famfo ana gwada shi, abincin sayarwa ana duba shi, iskar da ake shaƙa yini guda kuwa babu mai tambaya.

Masu ɗari-ɗari ba jahilai ba ne. Malamin da aka ba ma'auni a ajin da tagoginsa ba sa buɗewa, an ba shi damuwa ne ba magani ba. Wanda tagarsa ke buɗewa a tsakiyar hunturu kuma, an bar shi da zaɓi tsakanin yara su yi rawar ɗari ko jar fitilar gargaɗin ma'aunin ta yi ta haske.

Sai batun sa ido. Na'urar da ta san ɗaki ya cika, ta san kuma wanda bai zo ba. A Janairun 2016 jaridar Daily Telegraph ta Birtaniya ta maƙala ma'aunan motsi da ɗumin jiki a ƙarƙashin teburan ma'aikatanta da sunan tattalin makamashi, amma hayaniyar da ta tashi ta sa aka cire su nan take. Ginin The Edge da ke Amstadam, mai ma'aunai kusan 28,000, ana yawan kafa misali da shi wajen tsimin wuta, shi ne kuma misalin yawan abin da gini zai iya sani game da mutanen cikinsa. Ko a gida, jadawalin kabon-dayoksaid na ɗakin kwana yana faɗin lokacin da aka kwanta, da lokacin da aka tashi, da ranar da aka yi tafiya. Ga kuma masu kutse: satar bayanan katunan banki kimanin miliyan 40 da aka yi wa kamfanin kantunan Target na Amurka a 2013 ta faro ne da kalmar sirrin wani ɗan kwangila mai kula da na'urorin sanyaya. Ba ta ma'aunai aka shiga ba, amma ya nuna yadda ƙofar masu gyaran gini ke zama ƙofar ɓarawo.

Akwai kuma tsohuwar matsalar haya. Mai gini ne ke sayen kayan, ɗan haya ne ke biyan wuta yana shaƙar iskar. Wanda zai kashe kuɗin ba shi zai ci ribar ba.

Abin da ya shafi mai gida, ma'aikaci da iyayen yara

Mutane da yawa sun ɗauka na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango, mai rabi ciki rabi waje, tana shigo da iskar waje. Galibi ba ta yi. Iskar ɗakin take juyawa tana sanyayawa. Mutum biyu da suka kwana a ƙaramin ɗaki a rufe ruf, ba abin mamaki ba ne lambar ta haura 2,000 kafin asuba, ga sanyi mai daɗi, ga nauyin kai da safe. Ma'auni guda na iya nuna wa mai gida wannan cikin dare ɗaya, kuma maganin sau da yawa bai wuce a ɗan sassauta ƙofa ko taga ba.

Amma a bi abin daki-daki. Gidan da ake ƙona wani abu a ciki ko kusa da shi, gas ne ko gawayi ko injin wuta, ƙararrawar kabon-monoksaid ce farkon buƙatarsa, domin ita ke ceton rai. Kuma mutum miliyan 3.2 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwarsu a 2020, ba rashin ma'auni ne ya kashe su ba. Hayaƙin girki ne da ido ke gani, maganinsa murhu mai tsabta da mafitar hayaƙi.

Ga ma'aikaci ko mahaifin da aka ce masa ginin na da ma'aunai masu wayo, tambayoyin da suka fi amfani su ne: a wace lamba fanka ke ƙara gudu, wa ya zaɓi lambar, yaushe aka duba ma'aunin na ƙarshe, kuma wa ke ganin bayanan? Ginin da aka saita a 800 da wanda aka saita a 1,400 duk masu wayo ne a takarda, sai dai na farko ya fifita huhu, na biyu ya fifita aljihu. A tambaya kuma ko akwai mafi ƙarancin iskar da ba a sauka ƙasa da ita ko ɗaki babu kowa. Ƙa'idar ASHRAE ta yanzu tana ware kaso saboda mutane da wani kaso saboda faɗin ɗakin kansa, tunda kafet da fenti ba sa tashi daga aiki.

Mai sayen ma'aunin kabon-dayoksaid na hannu kuwa ya nemi haruffan NDIR a jikin kwalin. In ya kawo shi gida, ya fitar da shi waje inda iska ke kaɗawa, nesa da mutane da hayaƙin mota, ya bar shi kamar minti 15. Ya kamata ya nuna tsakanin 400 da 450. In ya nuna 600 ko 250, a sake saita shi a nan wajen kafin a yarda da duk abin da zai faɗa a cikin ɗaki.